Ƙungiyoyin Bayan Tashi Daga Makaranta: Yaushe Yaro Zai Yi Wasan Kansa?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata magana da ta taso a taron iyaye da malamai na makarantar da 'ya'yana suke. Hukumar makarantar ta kawo shawarar cewa daga zango mai zuwa za a mayar da lokacin tashi daga ƙarfe 2 zuwa ƙarfe 3:30 na rana, domin a buɗe ƙungiyoyin da yara za su riƙa shiga bayan darasi, wato na koyon kwamfuta, da muhawara, da kimiyya, da wasan kare kai na taikwando, kuma wajibi ne kowane yaro ya zaɓi biyu. Iyaye da yawa sun yi na'am da abin. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin yinin yaron. Yana barin gida ƙarfe 7 na safe, idan ya tashi 3:30 sai ya ci abinci a tsaitsaye ya sauya kaya ya nufi Islamiyya, ba zai dawo ba sai gab da Magariba, bayan Isha'i kuma ga jingar boko ga hadda, sannan Asabar da Lahadi akwai tahfizi tun da safe. Ban ce ƙungiyoyin ba su da amfani ba, amma a cikin wannan tsari ban ga sa'a guda da yaro zai fita tsakar gida ko ƙofar gida ya yi abin da ransa yake so ba. Shin wannan damuwa tawa tana da tushe, ko kuwa zamani ne ya sauya ni ce ban bi shi ba?

Baban Hauwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ina goyon bayan makarantar, kuma dalilina shi ne wasan da kike son a bar wa lokaci ya riga ya yi ƙaura daga unguwanninmu. Filin da muka yi langa da ƙwallo a cikinsa an yanka shi fuloti, lungun da ya rage babura da masu adaidaita sahu sun cinye shi, ga tsoron masu satar yara da na 'yan shaye-shaye, ta yadda babu uban da hankalinsa zai kwanta ɗansa ɗan shekara 8 yana waje ba a san inda yake ba. Idan yaron yau ya sami sa'a biyu babu abin yi, wayar mahaifiyarsa zai ɗauka ko ya zauna gaban talabijin. Saboda haka zaɓin da ke gabanmu na gaskiya shi ne tsakanin ƙungiyar muhawara da waya, kuma a wannan zaɓi ban ga abin jinkiri ba. Mu da muka yi sakandaren gwamnati mun san abin da ƙungiyar sikawut da ta muhawara da ta wasan kwaikwayo suka yi mana, domin da yawa daga cikinmu a nan muka fara tsayawa gaban jama'a mu yi magana bakinmu bai yi rawa ba.

Malamar Firamare:
Alhaji, maganarka ta rashin fili gaskiya ce, amma ina so in faɗi abin da nake gani a aji kullum. Ina koyar da 'yan aji uku, kuma kafin a fita tara akwai yaran da barci yake ɗauke su a kan benci, idan ka bincika sai ka tarar sun kwanta bayan ƙarfe 10 na dare suna fama da jinga da hadda, an kuma tashe su da asuba. Wannan yaro ne za a ƙara wa minti 90. A makarantu da yawa ita kanta tarar an rage ta domin a cusa ƙarin darasi, wasu makarantun ma a gidan haya suke, babu filin da za a yi gudu ko da an fita.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda muke ɗaukar duk abin da ba lissafi ba ne ko Turanci a matsayin wasa. Ƙungiyar kwamfuta aji ce, akwai malami a gaba, akwai umarni, akwai daidai da kuskure. Taikwando ma haka, ko da yake jiki yana motsawa. Amma ku tuna yadda ake langa: yaran ne da kansu suke raba ɓangare, su zaɓi wanda zai zama ruwa, su tsayar da wurin sha, idan gardama ta tashi a kan ko wane ya saki ƙafa su ne za su sasanta, domin sun san idan ba su sasanta ba wasan ya watse kuma kowa ya yi asara. Babu babban da zai yanke musu hukunci. A nan yaro yake koyon haƙuri da shan kaye, da lallashin aboki, da jagoranci, da sanin cewa magudi yana kore maka abokan wasa. Yaran da suka rasa wannan ina gane su, domin ko fensir aka ɗauke musu sai sun taho wurina, kuma idan na ba su takarda na ce kowa ya zana abin da yake so, sai su zauna suna jira in gaya musu abin da za su so.

Likitan Yara:
Malama ta taɓo abin da ya shafi aikina. Masana barci sun ba da shawarar cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12 a kowace rana, don haka yaron da ake tasa ƙarfe 5:30 na asuba ya kamata a ce ya kwanta tun wajen 8:30 na dare. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a jagororin da ta fitar a 2020, ta ce yara masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 a rana na motsa jiki mai ɗan ƙarfi. Akwai kuma batun ido wanda iyaye ba su cika sani ba. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an yi gwaji a makarantun firamare, wanda aka wallafa a 2015, inda aka ƙara wa wasu yara minti 40 na motsa jiki a waje a kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗannan yara ne suka kamu da matsalar rashin ganin abin da ke nesa, alhali a cikin waɗanda ba a ƙara wa ba an sami kusan kashi 40. Hasken rana na waje yana da tasiri a kan yadda idon yaro yake girma. Saboda haka tambayata ga kowace ƙungiya ita ce, a zaune ake yin ta a cikin ɗaki ko a waje, kuma daga wane lokaci za a yanko mata, daga na barci ko daga na waya?

Malamin Islamiyya:
Ina roƙon a ba ni dama, domin na san duk lokacin da aka yi irin wannan magana, a ƙarshe Islamiyya ake kallo a ce ita ta cinye yammacin yaro. Karatun Alƙur'ani da sanin tsarki da salla ba ƙari ba ne da za a jera shi da taikwando, tushe ne. Amma addinin da muke koyarwa bai taɓa ƙin wasan yara ba. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yar tsana tare da ƙawayenta, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana turo mata su idan sun ɓuya saboda kunyarsa. Anas ɗan Malik ya ba da labarin ranar da aka aike shi ya tsaya wurin yara masu wasa a hanya, Annabi ya tarar da shi yana mai dariya, bai doke shi ba. Imamu Gazali kuma ya yi bayani ƙarara cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dakushe basirarsa, har ya fara neman dabarar gudun karatun gaba ɗaya.

Makarantar allo da muka gada tana da hutun Alhamis da Juma'a, kuma magabatanmu da suka haddace Alƙur'ani har suka rubuta shi da ka a cikin wannan tsari suka yi. Abin da ya faru yanzu shi ne boko ta riƙe Litinin zuwa Juma'a, mu kuma muka kama Asabar da Lahadi, sai yaro ya wayi gari ba shi da rana ko ɗaya a mako da babu kayan makaranta a jikinsa. Wannan laifinmu ne gaba ɗaya, mu da su, kuma ni na ga yaran da aka matsa wa da ƙari ba tare da hutu ba har suka tsani muraja'a, abin da suka haddace ya zube.

Baban Hauwa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma har yanzu ba a amsa mini ba, idan an ba shi ranar, ina zai je ya yi wasan, kuma da wa?

Kakan Yara:
Ɗana, tambayarka tana da kyau, bari tsoho ya ce wani abu. Lokacinmu ba mu fi yaran yau samun hutu ba, domin muna kiwo, muna zuwa gona, muna ɗebo ruwa, muna makarantar allo da asuba da dare a gaban wuta. Amma idan farin wata ya fito dandali namu ne, maza suna langa da kokawa da wasan ɓuya, mata suna gaɗa da carafke, a watan azumi ga tashe, wanda mu ne muke haɗa kayan shigarsa da waƙoƙinsa babu wanda ya koya mana a aji. Motar kara da ta gwangwani da hannunmu muke ƙera su, kuma wanda tasa ta karye shi zai zauna ya gano inda ya yi kuskure. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kowane babba a unguwa uban kowa ne, ana kallonmu daga nesa ba a sa mana baki sai an ga jini ko an ji ashar. Wannan ne ya ɓace, fiye da fili. Yau maƙwabci ba ya iya tsawata wa ɗan maƙwabcinsa. Jikokina da na maƙwabta suna taruwa a gidana ranar Juma'a da yamma, na ajiye musu yashi da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, ina zaune a zaure ina jin su. Ba a kashe ko kwabo ba, abin da ya buƙata kawai shi ne gida huɗu su yarda da juna.

Malamin Jami'a:
Baba ya kawo mafita mai sauƙi. Ni fannina ilimin tarbiyya ne, kuma ina so a yi wa ɓangarorin biyu adalci, domin binciken da aka yi bai tsaya a gefe ɗaya ba. A 2006 wasu masana uku a Amurka, Mahoney da Harris da Eccles, sun duba zargin da ake yi cewa an cika wa yara lokaci da ƙungiyoyi. Sun tarar cewa matsakaicin lokacin da yaran can suke ba irin waɗannan ayyuka kimanin sa'a biyar ne a mako, kusan kashi 40 cikin ɗari ba sa cikin kowace ƙungiya, kuma waɗanda suke ciki sun fi yin kyau a karatu da nisantar shaye-shaye. Wannan yana ƙarfafa maganar Baban Hauwa. A ɗaya gefen kuma, a 2014 masu bincike a Jami'ar Colorado sun bi yinin yara 70 masu shekara 6 zuwa 7, suka ga cewa waɗanda suka fi samun lokacin da babba bai tsara musu ba sun fi iya tsara wa kansu abin yi ba tare da an umarce su ba. Wannan yana ƙarfafa maganar Malama. Duka biyun alaƙa suka nuna, ba su tabbatar da cewa wannan ne ya haifar da wancan ba.

Amma a lura da kyau, yaron da aka yi binciken farko a kansa sa'a biyar yake yi a mako. Yaron da Hajiya ta kwatanta, idan aka haɗa Islamiyyar yamma da tahfizin ƙarshen mako da lesin, ya ninka wannan tun kafin a kawo maganar ƙungiyoyi. Don haka ba daidai ba ne a ɗauko sakamakon can a ce ya halatta ƙari a nan. Yanayinmu ya fi kama da na Gabashin Asiya, inda gasar jarrabawa ta sa iyaye suke tura yara darasi bayan darasi. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu sai da hukuma ta sa doka cewa makarantun lesin su rufe ƙarfe 10 na dare, a ƙasar Sin kuma a watan Yulin 2021 gwamnati ta hana kamfanoni masu neman riba koyar da manyan darussan makaranta, ta hana lesin a ƙarshen mako da lokacin hutu, ta kuma rage jinga. Ƙasashen da yaransu suke kan gaba a jarrabawar duniya ne suke ja da baya, mu kuma yanzu muke shiga hanyar da gudu. A Finland kuwa, inda yara suke fara firamare da shekara 7, al'adar makarantu ita ce hutun minti 15 bayan kowane darasi na minti 45. Ko a dokarmu, sashe na 12 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ambaci haƙƙin hutu da wasa, kamar yadda sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ya tanada.

Maman Zainab:
Ina bin muhawarar nan, amma ina ganin an manta da mutum biyu. Ta farko ita ce 'ya mace. Idan aka ce an bar yara su huta a gida, namiji ne yake hutawa, mace kuwa wanke-wanke da shara da raino suke jiranta, kuma da ta kai shekara 10 an fara ce mata ta girma da wasa. Ga irin wannan yarinya, ƙungiyar makaranta wataƙila ita ce kaɗai sa'ar da za ta yi wani abu domin kanta. Na biyu shi ne ɗan talaka, wanda babu mai yi masa tayin kwamfuta ko muhawara, abin da ya cinye masa wasa shi ne talla da gareji da ɗibar ruwa. Ina jin tsoro kada mu da muke da halin biyan kuɗin makaranta mu fito da maganar cewa ƙungiyoyi ba su da kyau, a daidai lokacin da makarantun gwamnati suke buƙatar a farfaɗo musu da su.

Malamar Firamare:
'Yar'uwa, kin faɗi gaskiya, kuma ban yi jayayya da ko ɗaya ba. Yaron da ba shi da komai a ba shi ƙungiya, wanda aka cika wa yini a rage masa. Amma a gidajenmu ma ya kamata a duba rabon aiki, domin idan yayanta namiji zai fita ƙwallo bayan La'asar, ita ma tana da haƙƙin carafkenta.

Shugaban Wata Makaranta:
Tun da ni mai makaranta ne, ko da yake ba wadda ake magana a kanta ba, bari in faɗi abin da ba a cika faɗa a taron iyaye ba. Iyaye ne suke tura mu. Uwa za ta zo da littafin ɗanta ta ce kwana biyu ba a ba shi jinga ba, me take biyan kuɗi a kai. Uba zai ce yana so ɗansa ya zana jarrabawar shiga sakandare tun yana aji huɗu. Idan na ware minti 40 na wasa, makarantar da ke bayan layi za ta buga a allonta cewa tana koyar da kwamfuta da Larabci da Faransanci, a zango mai zuwa in rasa ɗalibai. Ba zan ɓoye ba kuma, ƙungiyoyi hanyar samun kuɗi ce, kuma iyaye ma'aikata suna son a riƙe musu yara har su tashi daga ofis. Waɗannan buƙatu ne na gaskiya, amma buƙatun manya ne, bai kamata mu riƙa cewa duk don yaron ake yi ba.

Baban Hauwa:
Malam, na yaba da wannan gaskiya taka. Ni har yanzu ina nan a kan cewa ɗiyata za ta shiga ƙungiyar muhawara, domin ita ce ta nema da bakinta kuma shekararta 12. Inda na sauka daga matsayina shi ne wajabta ƙungiya biyu ga kowa, har da 'yan aji ɗaya. Wannan bai dace ba. Maganar Baba kuma zan gwada ta da maƙwabtana, sai dai ina shakkar ko yaran da suka saba da waya za su san abin da za su yi da yashi da taya.

Kakan Yara:
Za su sani, ɗana. Ranar farko za su yi ta zagaye suna cewa babu abin yi, kada ka kawo musu agaji, kada kuma ka miƙa musu waya. Kafin ka ankara wani ya fara gina gida, wani ya ce shi ne direba.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da zan kai wa taron shi ne a mayar da ƙungiyoyin na ganin dama, a fara daga aji huɗu, kwana biyu kawai a mako, kuma ranar da aka yi ƙungiya kada a ba da jinga. Zan kuma roƙi a ƙara tsawon tara. Malam na Islamiyya, ko kana ganin za a iya samun malamai su yarda a bar yara rana ɗaya cikakkiya a mako? Shugaban makaranta kuma, idan yaro bai shiga ƙungiya ba amma iyayensa ba za su iya ɗaukarsa ƙarfe 2 ba, yaya za a yi da shi?

Malamin Islamiyya:
Hajiya, a makarantarmu Alhamis da Juma'a da yamma babu karatu, kuma ina ganin yawancin Islamiyyu haka suke. Matsalar ita ce iyaye suna cike waɗannan yammaci biyu da mai lesin. Idan aka bar su a yadda suke an rage kaso mai yawa. Batun Lahadi kuwa zan kai shi gaban kwamitinmu, amma sai iyaye sun yarda cewa saukar ɗansu za ta ɗan jinkirta.

Shugaban Wata Makaranta:
Wannan mai yiwuwa ne, Hajiya. A bar su a harabar makaranta da malami ɗaya ko mai gadi yana kallonsu daga gefe, a ajiye ƙwallo da igiyar tsalle da ruwan sha a inuwa, kuma a gaya wa malamin cewa aikinsa tsaro ne, kada ya tsara musu wasa ko ya raba musu ɓangare. Abin da za ki nema a rubuce shi ne adadin yaran da mutum ɗaya zai kula da su, da wanda zai biya shi alawus na wannan lokaci, domin idan ba a fayyace wannan ba tun farko, a mako na uku za a mayar da yaran aji a ce su yi shiru su yi jinga.